Shawara ga direban da ke tsoron gangaren Hawan Kibo

'Yan'uwa direbobin manyan motoci, wanda gabansa ke faɗuwa idan ya doshi Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, kada ya ɓoye abin don gudun dariyar abokan aiki. Kafin gangaren, ya tsaya inda yake da fili, ya duba tayoyi da agogon iskar birki, sannan ya sa ƙaramar giya tun daga sama, domin danne birki ba ƙaƙƙautawa yana sa shi ya yi zafi har ya daina kamawa, kuma sauya giya a tsakiyar gangare da kaya a baya ganganci ne.

Babban abin kiyayewa shi ne ido. Hannu yana bin inda ido ya kalla, saboda haka ya kafa idonsa a kan kwanar da ke gaba, ba ramin da ke gefe ba, yana fitar da numfashi a hankali, ya bar masu gaggawa su yi ta hon ɗinsu. A ganina, gara ya fara bin hanyar da rana a gefen gogaggen direba. Idan kuwa jiri yake ji ko a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ya je asibiti a auna jininsa, a duba kunnensa.