Yadda na gyara giyar 4L60E (giyar atomatik ta kamfanin GM) da ta ƙi kulle kwambata

Giyar 1995 ce a motar 1994. Soket ya shiga daram, giyoyi huɗu suna canzawa, amma kwambata (na'urar da ke haɗa inji da giya) ba ta kullewa, man giya sai zafi yake.

Kada shigar soket ta ruɗe ka, ƙirga fin, wato ƙarafan da ke cikin soket. A 1995 aka ƙara solinoyid na PWM (makunnin lantarki mai daidaita matsin man da ke kulle kwambata) a fin U, wayarin 1994 kuwa ramin nan fayau yake. Wuta na zuwa ta fin E, amma kwamfutar motar ba ta ba solinoyid ɗin negatif.

Na sauke farantin ƙasan giya, na sa bawul ɗin kwambata marar buƙatar PWM. Kullewa ta dawo.

Idan giyar 1996 ce a motar 1994, sai an ƙara aiki, don solinoyid ɗin 3-2 (mai kula da saukowa daga giya ta uku zuwa ta biyu) ma ya canza.