Fostar maulidi da za a iya karantawa daga cikin trotro

Mai karanta fostarka ba a zaune yake ba. Yana cikin trotro, ƙaramar bas ɗin haya, a titin Nima da ke Accra, ko ya fito daga masallaci yana laluben takalminsa. Abu uku kawai idonsa zai ɗauka: me za a yi, yaushe, a ina. Su za ka fara zubawa manya-manya a shafin A3 kafin hoton kowa ya shigo.

Hotunan su ne rigimar. Kwamiti zai kawo maka malamai tara, a ce kowa sai ya fito. Nakan ce: "Alhaji, a yi haƙuri, babban baƙo ya hau sama, sauran a rubuta sunayensu." In sun ƙi, jera su layi ɗaya, girma ɗaya, kada almajiran wani su ce an rage malaminsu. A turo hoton a matsayin fayil, don WhatsApp yana matse wanda aka tura kai tsaye, fuska ta fito dishi-dishi.

Launi biyu sun isa, da farin takarda na uku. Allon waya da RGB yake aiki, wato haɗin hasken ja, kore da shuɗi, injin bugawa kuwa da CMYK, wato haɗin tawada kala huɗu, shi ya sa koren nan mai ƙyalli ke fitowa a dushe. Tun farko sa fayil ɗinka a CMYK. Kada ka ɗora ja a kan shuɗi, ido ba ya jurewa. Ƙananan rubutu a bar su baƙi zalla.

Salon harafi ma biyu: mai kauri na kanu, mara ado na bayani. Gwada ƙ, ɗ da ɓ tukuna, da yawa ba su da su, sai ka ga akwati a tsakiyar kalma. Noto Sans da Andika suna da su. Larabci kuma malami ya duba, haruffa kan rarrabu. Ayar Alƙur'ani dai ba na sa ta, don ruwan sama na kai fosta kwata.

A manhajar zane ta CorelDRAW, zaɓi rubutun ka danna Ctrl da Q ya koma zane, ka bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda yanka, ka fitar da PDF. In ka je wurin masu bugawa a unguwar New Town, buga ɗaya tak, manna a bango, tsallaka titi ka duba. In kwanan wata bai karantu ba, ƙara masa girma kafin ka biya kuɗin sauran.