Yadda Ake Kallon Tsuntsaye da Rubuta Bayanansu a Fadamar Haɗeja da Nguru

Kogin Haɗeja da Kogin Jama'are suna malala ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai jigayi, su rarrabu zuwa ƙoramu da tafkuna a jihohin Jigawa da Yobe, kafin ruwansu ya tattaru ya zama Komadugu Yobe ya nufi Tafkin Chadi. Wannan malala ita ce ta haifar da fadamar da masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka dogara da ita, kuma ita ce ke tara tsuntsayen ruwa masu ɗimbin yawa, na gida da baƙi. A shekarar 2000 aka sanya Tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, shi ne kuma wuri na farko da ya samu wannan matsayi a Najeriya, sannan a 2008 Baturiya da Dagona suka bi sahu. Wanda yake son ya koyi kallon tsuntsaye da idon basira, ya kuma bar rubutun da wani zai amfana da shi, da wuya ya samu makarantar da ta fi wannan a arewacin ƙasar.

Abin da za a fara tsayarwa shi ne lokacin tafiya. Ruwa yakan cika fadama a wajen Agusta da Satumba, sa'an nan ya riƙa janyewa a hankali, yana barin taɓo da ƙananan kududdufai cike da kifi da ƙwari. Daga Oktoba baƙin tsuntsaye suke fara sauka, bayan sun taso daga Turai da yammacin Asiya sun tsallake Bahar Rum da Sahara, kuma sukan zauna har wajen Maris ko Afrilu. Saboda haka tsakanin Disamba da Fabrairu ne aka fi samun taro, domin ruwa ya ragu ya matse tsuntsayen a wurare kaɗan, hanyoyin mota kuma sun bushe. Illar wannan lokaci ita ce hazon hunturu, wanda wata rana yakan rufe tafki har mutum ya kasa bambance launi daga nesa. A yini kuwa, a fita da zarar an idar da sallar Asuba, a kasance a bakin ruwa kafin rana ta fito, a yi aiki zuwa hantsi, sannan a dawo bayan La'asar. Tsakar rana ɓata lokaci ne, sai dai ga mai son ganin shirwa da sauran masu shawagi a sama.

Kafin a taka bakin ruwa, a fara da mutane. Dagona tana ƙarƙashin Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi, don haka sai an nemi izinin ma'aikatan gandun, su ne kuma za su haɗa baƙo da mai rakiya. A sauran wurare, ladabi shi ne a je a gaida mai unguwa ko bulama, a faɗi abin da ya kawo mutum dalla-dalla, a kuma tambayi halin tsaro da hanyar da ta dace a bi a wannan makon. Baƙon da aka gani yana leƙen ƙauye da madubin hangen nesa ba tare da an san shi ba, shi ya jawo wa kansa zargi. Kada kuma a ɗaga madubi ko waya wajen da mata suke wanki ko ɗiban ruwa. Mai rakiyar da ya fi amfani shi ne masunci ko makiyayin da ya girma a wurin, ko Bahaushe ne ko Babade ko Bamange ko Bafulatani, domin ya san tafkin da dinya take kwana da ƙoramar da ta toshe bana, kuma yana gane tsuntsu da kukansa tun kafin baƙo ya gama gyara madubinsa. A yi ciniki da shi tun a tudu, a biya shi haƙƙinsa cikakke.

Kayan aiki ba su da yawa. Madubin hangen nesa mai lamba 8x42 ya wadatar: lambar farko tana nufin yana kusanto da abu ninki takwas, ta biyu kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita, wanda shi ke ƙayyade yawan hasken da ke shiga. Mai ninki goma sha biyu ko fiye yana burge mai saye a kanti, amma hannu yana rawa da shi, balle a cikin kwale-kwale. Sai ƙaramin littafin rubutu mai kauri, da fensir maimakon biro, saboda tawada tana narkewa idan takarda ta jiƙe. Littafin tsuntsayen Afirka ta Yamma mai zane-zane yana taimakawa ƙwarai, haka ma manhajar Merlin a waya, da sharaɗin a sauke bayanan yankin tun a gari inda akwai intanet. Tufafi su zama masu launin ƙasa ko toka, a bar farar shadda a gida, a ɗauki hula da ruwan sha da rigar sanyi.

Kusantar tsuntsu sana'a ce da maharban ƙasar Hausa suka daɗe da ƙwarewa a kanta, har sukan ɗaura kan burtu a goshi su rarrafa suna kwaikwayon kiwonsa don namun daji su saki jiki. Mai kallo ba ya bukatar wannan wahala, amma darasin ɗaya ne, wato kada siffar mutum ta fito fili. A sa rana a bayan kai, domin idan tana gaba duk tsuntsu baƙi zai bayyana. Kada a nufi garke kai tsaye, a bi ta gefe sannu a hankali, a riƙa tsayawa, a fake da itacen gawo ko kargo ko tudun gona. Idan an samu wuri mai kyau a zauna, a yi shiru na kamar rubu'in awa, tsuntsayen da suka tashi za su dawo su ci gaba da harkarsu. Babban mai tona asiri a bakin ruwa shi ne zakaran ƙeƙuwa, wanda da ya hangi mutum zai tashi yana ƙara yana kewaye shi har kowa ya ankara. Idan ya fara, tsayawa cik ya fi ci gaba da tafiya.

Wajen gane tsuntsu, kuskuren sabon shiga shi ne ya fara da launi, ko ya yi saurin buɗe littafi tsuntsun kuma ya tashi. A fara da girma, a auna shi da wanda aka sani: ya kai kurciya, ko hankaka, ko zabo? Sai a dubi baki, dogo ne ko gajere, miƙaƙƙe ko lanƙwasasshe. Sai ƙafafu da wuya. Sai abin da yake yi, ko yana iyo, ko yana caka baki cikin taɓo, ko ya tsaya ƙyam yana dakon kifi irin na zalɓe. Launi ya zo daga ƙarshe. A ɗauki kirinjijiya, wadda ita ce agwagwar da aka fi gani a fadamar nan. Tana tsayawa a miƙe da dogon wuya, fuskarta fara fat sai ka ce an shafa mata alli, ƙeyarta baƙa, ƙirjinta ja-ja, haƙarƙarinta kuma da siraran ratsi baƙi da fari. Idan garkensu ya tashi sai su cika sama da wani siririn fito mai gaɓa uku, wanda duk wanda ya ji shi sau ɗaya ba ya sake mantawa. Dinya kuwa ta ninka ta girma nesa ba kusa ba, baƙa ce amma cikinta fari, bakinta da fatar fuskarta ja, tana da ƙaya a gwiwar fiffike. A kan ganyen bado za a ga wani tsuntsu mai jiki ja-ja da goshi shuɗi, yatsunsa dogaye har sun wuce misali, yana takawa a kan ganyen ba ya nutsewa. A cikin baƙi akwai ƙaramar agwagwa wadda namijinta yake da farin layi daga saman ido zuwa ƙeya, da wata mai siririn wuya da wutsiya mai tsini, da kuma wasu masu launin ƙasa da dogayen ƙafafu da ke sauka dubbai a gonakin shinkafar da aka girbe suna tsintar abin da ya zube.

Akwai rikici ɗaya da ya kamata a kiyaye. Shamuwar da muka sani, baƙa mai fari a ciki da shuɗiyar fuska, wadda take sheƙa a kan kuka da tsamiya a tsakiyar gari ba mai taɓa ta, tsuntsuwar damina ce: takan iso wajen Afrilu ko Mayu, mutane su ɗauki zuwanta alamar ruwa ya ƙarato, da kaka kuma ta wuce kudancin Afirka. Wadda ake gani da hunturu, fara mai baƙin fiffike da jan baki da jajayen ƙafafu, 'yar'uwarta ce daga Turai, kuma ta fi ta girma. Wanda ya rubuta su da suna ɗaya ya ɓata lissafin duka biyun.

Ƙidaya tana ba mutane tsoro, alhali dabararta mai sauƙi ce. Idan garken ƙarami ne a ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Idan babba ne, a ƙirga goma a tsanake daga gefe ɗaya, a riƙe faɗin da goman suka ci a ido, sannan a riƙa aza wannan faɗin a kan sauran garken. Ga garken dubbai a yi da hamsin ko ɗari. A maimaita sau biyu, idan da abokin tafiya kowa ya yi nasa a ɓoye sannan a gwada. A rubuta a fili cewa wannan adadi ƙiyasi ne, wancan kuma ƙirge ne.

Littafin rubutu shi ne ainihin aikin, kuma a nan ne na fi matsa wa masu koyo. Kowane shafi ya fara da kwanan wata, da sunan wurin kamar yadda mutanen garin suke kiransa, da lokacin farawa da na tashi, da yanayin sama, da inda ruwa ya tsaya idan aka auna shi da wata alama da ba ta gusawa, kamar gada ko wani sanannen itace. Sannan sunan tsuntsu da adadinsa da abin da yake yi. Wanda ba a gane ba a siffanta shi, a zana shi ko da zanen bai yi kyau ba, a rubuta sunan da mai rakiya ya kira shi da harshensa, amma kada a laƙaba masa suna don kawai shafi ya cika. A rubuta har da balbela da hankaka da kurciya, waɗanda ido ya raina saboda sabo. Dalili kuwa shi ne abin da ya faru da ungulu. Dattawa sun san lokacin da ba a raba mahauta da kasuwa da ungulu, yau kuwa yaro yana iya girma a birni bai taɓa ganin ta ba, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya ta cikin tsuntsayen da ke gab da ƙarewa. Gauraka ma, mai tukkun zinariya a ka, wanda ake ɗauka tsuntsun ƙasa a Najeriya, ya yi ƙaranci matuƙa a dajinmu saboda kamu da lalacewar dausayi. Da malaman makaranta da ma'aikatan gona na kowane gari sun riƙa rubuta adadin da suke gani a shekara, da an san lokacin da raguwar ta fara a kowane wuri.

Kada rubutun ya tsaya ga tsuntsaye kaɗai, domin rayuwarsu a ɗaure take da ta mutanen fadama. A rubuta ko an fara yankan shinkafa, ko shanu sun sauko, ko masunta suna kukan kifi ya yi ƙaranci, ko an ji ƙarar bindigar maharba. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Chalawa a 1992, yadda ruwa ke zuwa fadama ya canja: malalar damina ta ragu, wasu mashigai kuma suka koma riƙe ruwa shekara cur, abin da ya ba ciyawar kachala damar mamaye su. Kachala tana toshe hanyar kwale-kwale, tana cinye gonaki, kuma a cikinta jan-baki yake kwana, ya fito da safe ya far wa shinkafa da gero da dawa, yara suna ihu suna kaɗa gwangwanaye a igiya tun safe har magariba. Mai kallon da ya zo yana yabon kyan tsuntsaye a gaban manomin da jan-baki ya cinye wa gona bai san inda yake ba. Ya saurari manomin, ya rubuta ta ina garken yake fitowa da ƙarfe nawa, domin wannan bayani ne da jami'an gona suke nema.

Ta fuskar lafiya, kada a shiga ruwan kwance da ƙafa ba takalmin roba, saboda tsargiya tana yaɗuwa ta dodon koɗin da ke cikinsa. Kada a shiga kwale-kwalen da aka yi wa lodi fiye da kima, a kuma sa rigar kariya. Mataccen tsuntsu ko mai tangaɗi ba a taɓa shi da hannu, domin murar tsuntsaye ta bayyana a Najeriya tun 2006 kuma tana sake ɓullowa lokaci zuwa lokaci. Idan an ga da yawa sun mutu a wuri ɗaya a sanar da ma'aikatan gandu ko likitan dabbobi. Wani lokaci masunci ko maharbi zai nuna zoben ƙarfe da ya cire daga ƙafar tsuntsu. Masu bincike ne suke sa shi don bin diddigin ƙaura, yana ɗauke da lamba da sunan cibiyar da ta sa shi, don haka a kwafe duk abin da ke jiki harafi bayan harafi, tare da wuri da ranar da aka same shi.

Bayan an dawo masauki, a daren ranar za a gyara rubutu tun ƙwaƙwalwa ba ta gauraya safiya da yamma ba, sannan a aika da shi inda zai yi amfani. Cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke kusa da Jos, wadda aka fi sani da APLORI, tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda masu sa kai suke shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser, akwai kuma eBird ga mai son ajiye jerinsa a intanet. A kowane Janairu ana ƙidayar tsuntsayen ruwa a ƙasashe da dama ƙarƙashin ƙungiyar kare dausayoyi ta Wetlands International, kuma fadamar Haɗeja da Nguru tana cikin wuraren da ake ƙirgawa. Mai son shiga ya tuntuɓi Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, wato NCF, ko ofishin gandun daji tun a watan Disamba, ya kuma tafi da littafinsa don masu shirya aikin su ga wuraren da ya riga ya sani.