Yadda Ake Shirya Gajeriyar Tafiyar Mishan Zuwa Ga Matalauta A Wata Ƙasa

Kafin ikkilisiya ta sayi tikitin jirgi ko guda ɗaya domin ƙungiyar masu aikin sa kai da za su je wata ƙasa su yi wa matalauta hidima na mako ɗaya ko biyu, wajibi ne ta fara samun mai masauki, wato ikkilisiya ko ƙungiyar da ke zaune a wurin tun kafin a yi tunanin tafiyar, wadda kuma za ta ci gaba da zama bayan baƙi sun koma gida. A kan wannan ne duk sauran shirin zai tsaya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka wasiƙarku ta farko zuwa ga fasto da dattawan wurin ta ƙunshi tambayoyi: wane aiki suke yi yanzu, ina ya tsaya, a wane wata ne zuwan baƙi ba zai takura musu ba, kuma mutum nawa za su iya ɗauka. Ku kuma ba su damar cewa a'a. Wannan ya fi yadda ake zato wuya, domin mai karɓa yakan ji nauyin wanda yake ba shi, ya amsa da "madalla" alhali zuciyarsa tana lissafin wahalar da ke tafe. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce ku ajiye musu zaɓi biyu a fili, ko ku zo, ko ku aika da kuɗin da za ku kashe a kan tafiyar, tare da tabbatar musu cewa ko wanne suka ɗauka zumunci yana nan.

An ce zuwa da kai ya fi saƙo, kuma akwai gaskiya a ciki, domin akwai ƙarfafawar da ba ta shiga ambulan. Amma ya kamata a tuna da abin da ikkilisiyar Antakiya ta yi a Ayyukan Manzanni sura 11, lokacin da aka yi annabcin yunwa a zamanin Kalaudiyas. Kowane almajiri ya bayar gwargwadon ƙarfinsa, aka aika da gudummawar zuwa Yahudiya ta hannun mutum biyu kacal, Barnaba da Shawulu, su kuma suka damƙa ta ga dattawan wurin. Ba a ce sun tsaya rabawa da kansu ba. A ganina duk kwamitin mishan ya kamata ya karanta waɗannan ayoyi kafin ya tsayar da yawan matafiya, domin sau da yawa kuɗin jirgi da masauki na mutum ashirin ya ninka kuɗin aikin da za su je yi. Ƙaramar ƙungiya, wadda mota ɗaya za ta ɗauke ta, tafinta ɗaya ko biyu kuma su wadace ta, ta fi amfani, ta kuma fi sauƙin ɗauka ga masu masauki.

A zaɓi matafiya bisa ga aikin da aka roƙa, da kuma halinsu. Mutum mai haƙuri, mai iya karɓar umarni daga wanda bai kai shi ilimi ko dukiya ba, ya fi gwani mai girman kai. A fara taruwa aƙalla wata shida kafin ranar tashi, ana addu'a tare, ana koyon tarihin ƙasar da gaisuwa a harshen mutanenta, ana kuma tattauna dokokin tafiyar har kowa ya sa hannu a kansu.

Batun takardu ba ya son jinkiri. Ƙasashe da yawa suna buƙatar fasfo ya kasance da sauran wata shida kafin ya ƙare, don haka a duba na kowa tun a zaman farko. A nemi bizar da ta dace da ainihin abin da za a je yi, kuma a faɗi gaskiya a kan takardar nema. Indiya, alal misali, tana da biza dabam ta masu aikin mishan, kuma bizar yawon buɗe ido ba ta ba da izinin wannan aiki. Rasha ta kafa doka a 2016 wadda ta taƙaita inda za a yi wa'azi da wanda zai yi shi. A Nepal, dokar da ta fara aiki a 2018 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 5 ga wanda aka samu da laifin sauya wa wani addini. Baƙon da ya karya irin wannan doka yakan ƙare a jirgi zuwa gida, amma masu bi na wurin su ne za su zauna da 'yan sanda da fushin maƙwabta. Abin da masu masauki suka ce kada a yi, kada a yi shi, ko da wani a cikin ƙungiyar yana ganin rashin ƙarfin hali ne.

Kowa ya ga likita da wuri, domin wasu alluran rigakafi, kamar na ciwon hanta nau'in B, sukan ɗauki wata shida kafin a kammala su. Katin rigakafin cutar shawara ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, kuma tun daga 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar rayuwa bisa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya. Idan wurin yana da zazzaɓin cizon sauro, akwai magungunan kariya da ake farawa kafin tashi, a ci gaba da sha har mako ɗaya ko huɗu bayan dawowa, gwargwadon irin maganin. A yi inshorar da ta haɗa da ɗauko mara lafiya zuwa babban asibiti. Kuma wanda ya kamu da rashin lafiya mai yaɗuwa gab da tashi ya haƙura ya zauna, domin baƙo ma yakan kai cuta, kuma inda ba asibiti ita ce ta fi yin ɓarna.

Yanzu sai aikin kansa, kuma a nan ne kyakkyawar niyya ta fi yin kuskure. Akwai bambanci tsakanin mutanen da girgizar ƙasa ko ambaliya ta raba da gidajensu jiya, waɗanda suke buƙatar abinci da ruwa da bargo yau, da mutanen da suka daɗe cikin talauci amma suna da hannu da basira da sana'a. Na farko agajin gaggawa suke so, kuma wannan aikin ƙwararru ne waɗanda suka saba da shi. Na biyu, waɗanda su ne mafi yawan ƙungiyoyi suke zuwa wurinsu, rabon kaya kyauta yana iya raunana su. Buhunan tufafin da aka kawo daga waje suna kashe kasuwar tela da mai sayar da yadi na unguwar. Ɗalibai goma sha biyu da ba su taɓa riƙe cokalin gini ba, idan suka gina ajin makaranta, sun hana magini da leburorin garin aikin mako biyu, kuma bangon ba zai kai nasu kyau ba. Abin da ya fi shi ne a ɗauki maginin wurin a biya shi haƙƙinsa cikakke, shi ya zama shugaban aiki, matafiya su yi masa ɗaukar bulo da kwaɓa siminti. A sayi kayan aiki a kasuwar wurin. Idan rijiya ce ko famfo, kada a fara haƙa sai an san wanda zai kula da shi, da inda za a sami kayan gyaransa, da yadda za a tara kuɗin gyaran, domin famfon da ya lalace bayan shekara ɗaya ba mai gyara ya bar mutane inda suke, ya kuma ƙara musu ɓacin rai.

Aikin jinya yana da ƙa'ida ɗaya da ba ta da sassauci: abin da mutum ba shi da izinin yi a ƙasarsa, ba shi da izinin yi a jikin matalaucin wata ƙasa. Ɗalibin likitanci ba ya zama likita don ya haye teku. Likitoci da ma'aikatan jinya su nemi izinin hukumar ƙasar tun kafin tafiya, su yi aiki a ƙarƙashin asibitin wurin, domin mai hawan jini ko ciwon sukari da aka ba maganin wata ɗaya yana buƙatar wanda zai gan shi a wata na biyu. Ƙa'idojin bayar da gudummawar magunguna, waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara fitarwa a 1996, sun ce maganin ya kasance da sauran aƙalla shekara ɗaya kafin ya lalace a lokacin da ya isa ƙasar, rubutun jikinsa ya zama cikin harshen da ma'aikatan lafiyar wurin suke fahimta, kuma kada a kai ragowar maganin da marasa lafiya suka mayar.

Maganar yara ita ce ta fi damuna. Ziyarar gidan marayu tana cikin abubuwan da matafiya suka fi so, kuma tana cikin waɗanda suka fi cutarwa. Ƙungiyar Save the Children ta kiyasta cewa aƙalla huɗu cikin biyar na yaran da ke irin waɗannan gidaje suna da uwa ko uba a raye, talauci ne ya raba su. Inda baƙi suke zuwa da kuɗi, akan sami masu tara yara domin jawo kuɗin, har ta kai a 2018 Ostireliya ta zama ƙasa ta farko da ta ɗauki safarar yara zuwa gidajen marayu a matsayin wani nau'in bautar zamani. Ko inda masu gidan suke da gaskiya, yaron da ake runguma mako guda a tafi, wata ƙungiya ta zo ta rungume shi ta tafi, yana koyon cewa duk mai ƙaunarsa mai tafiya ne. Bayan girgizar ƙasar Haiti ta 12 ga Janairun 2010, an kama Amurkawa goma 'yan wata ƙungiyar masu bi suna ƙoƙarin tsallakar da yara 33 zuwa Jamhuriyar Dominika ba tare da takardu ba, daga baya kuma aka gano yawancin yaran suna da iyaye. Sun ce ceto suka je yi. Wanda yake son taimakon yara ya tallafa wa aikin da ke riƙe su a hannun iyayensu da danginsu, kamar kuɗin makaranta da jarin sana'a ga uwa. Kuma a kowane hali, a binciki tarihin duk wanda zai kusanci yara, kada kuma babba ɗaya ya keɓe da yaro.

Hoto ma yana buƙatar doka. Kada a ɗauki kowa sai da izininsa, yaro kuma sai da izinin iyayensa, kuma kada a sa hoton mara lafiya ko mai tsumma a Facebook domin a motsa zukatan masu bayarwa. Ubangiji ya yi gargaɗi a Matiyu sura 6 a kan busa ƙaho lokacin ba da sadaka, kuma mutumin da ke cikin hoton yana da mutunci, yana da maƙwabta masu waya.

Game da bishara, ba abin ɓoyewa ba ne cewa saboda Almasihu kuka zo, kuma duk wanda ya tambaya a amsa masa da tawali'u. Sai dai kada a ɗaura magani ko abinci a kan sauraron wa'azi ko ɗaga hannu don nuna an karɓi Almasihu, a yi wa Kirista da wanda ba Kirista ba hidima iri ɗaya. Faston wurin shi ya san harshen mutanensa, shi ne kuma zai yi renon duk wanda ya ba da gaskiya, saboda haka shi ya ja gaba, ku ku tsaya a bayansa.

Kuɗi kuwa kada ya zauna a hannun mutum ɗaya. Manzo Bulus da kansa, da yake tara gudummawa domin matalautan Urushalima, ya sa an haɗa Titus da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa, domin kada wani ya sami abin zargi, kamar yadda yake a 2 Korantiyawa sura 8. A naɗa mutum biyu, a ajiye rasit na komai, a biya masu masauki kuɗin abinci da mai da lokacin tafinta ba tare da sun roƙa ba. Kyautar da mutum ɗaya zai ba mutum ɗaya a ɓoye takan haddasa hassada da za ta daɗe bayan tafiyarku, don haka duk kyauta ta bi ta hannun dattawa. A hana kowa yin alkawari. "Zan duba in gani" a bakin baƙo alkawari ne a kunnen wanda ya rasa kuɗin makarantar ɗansa.

Sauran zaman shi ne zaman baƙo na gari, irin wanda Yesu ya koya wa waɗanda ya aika biyu-biyu a Luka sura 10: a zauna inda aka sauke ku, a karɓi abin da aka kawo da godiya. A kuma sa tufafin da ba za su ba masu masauki kunya ba. Ku bar sarari a jadawali domin zama da mutane da sauraronsu, kuma kowane dare ƙungiya ta taru ta yi addu'a ta faɗi abin da ya yi daɗi da abin da ya yi nauyi.

Bayan dawowa, duk wanda ya ji zazzaɓi, ko da bayan makonni ne, ya je asibiti nan da nan ya faɗi ƙasar da ya je. A tara ikkilisiya a ba ta rahoto, kamar yadda Bulus da Barnaba suka yi a Antakiya a Ayyukan Manzanni sura 14, naku rahoton kuma ya ƙunshi lissafin kuɗi dalla-dalla da aikin da masu masauki suke yi duk shekara. Sa'an nan a sa rana, bayan wata shida, da za a sake rubuta wa dattawan wurin a tambaye su ko famfon yana aiki, ko an ci gaba da ganin marasa lafiyar, wane nauyi zuwanku ya ɗora musu, kuma me suke so a canza idan za a sake zuwa. Zai fi kyau wanda bai yi tafiyar ba ya yi wannan tambayar, domin za su fi sakin jiki su gaya masa gaskiya.