Darasi na 9: Idan Korona Ta Sake Dawowa Gari

Malami ya karanta da ƙarfi sau ɗaya, sannan kowa ya karanta sakin layi guda.

Cutar korona ta ɓulla a birnin Wuhan na ƙasar Sin a ƙarshen shekara ta 2019. A Nijar an tabbatar da mutum na farko da ya kamu ranar 19 ga Maris 2020, a Yamai. Aka rufe iyakoki, aka rufe makarantu da masallatai. Da aka buɗe masallatai cikin watan Mayu, da yawa suka ce ta tafi ke nan. Sai ga ta cikin Disamba, lokacin ɗari, ta kama mutane fiye da karon farko. A ƙarshen 2021 ta sake zuwa da sabon nau'i mai suna Omikron. Ranar 5 ga Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce an fita daga halin gaggawa, amma ƙwayar cutar tana nan tana yawo. Halinta irin na Gulbin Maradi ne: ya cika, ya janye, wata damina ya sake cika.

Labarin mutanen tsibiri

Tsibiri ƙasa ce da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Can cikin tekun Pasifik akwai ƙananan ƙasashe na tsibirai, irin su Kiribati da Tonga. Mutanen Tonga duka duka ba su wuce 100,000 da ɗan ɗoriya ba. Da korona ta ɓulla, suka rufe ƙofa, ba shiga ba fita sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Kusan shekara biyu cutar ba ta yaɗu a cikinsu ba.

A watan Janairu 2022 jirgin sama ya sauka Kiribati daga Fiji da mutum 54. Da aka auna su, 36 suna ɗauke da ƙwayar. A Tonga kuwa dutse mai aman wuta ya fashe ranar 15 ga Janairu 2022, jiragen ruwa suka kawo agaji, farkon Fabrairu aka samu cutar a jikin ma'aikatan tashar jiragen ruwa. Rufe ƙofa bai hana ta shiga ba har abada. Abin da ya ba su shi ne lokaci, kuma mutanen Tonga ba su yi wasa da lokacin ba: kafin cutar ta yaɗu, mafi yawan manyansu sun yi allurar rigakafi.

To, idan masu teku kewaye da su ba su tsira ba, ina ga mu? Motoci na tashi daga Maradi su bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina. Ƴan ci-rani na dawowa gida daga Kano da Legas da Agadas idan damina ta gabato. Ko ƙauyen da ruwa ke yanke wa hanya a watan Agusta, ranar kasuwa sai ya haɗu da duniya. Kuma a ƙaramin gari rijiya ɗaya ce, masallacin Juma'a ɗaya, suna da biki da zaman makoki kowa na zuwa. Idan cuta ta shigo ba ta daɗewa ta zaga.

Me ke dawo da ita?

Ƙwayar cutar tana sauya kama yayin da take wucewa daga wannan jiki zuwa wancan, har garkuwar jiki ta kasa gane ta da wuri. Kariyar da mutum ya samu daga allura ko daga kamuwar baya tana raguwa bayan wasu watanni. Ga kuma hunturu, lokacin da muke rufe ƙofa da taga mu kwana da yawa a ɗaki ɗaya. Cutar tana bin numfashi ne, da tari da atishawa da magana kusa da kusa.

A gida

Yawancin waɗanda suka kamu suna warkewa a gida. Zazzaɓi ne, tari, ciwon maƙoshi, kasala, wani lokaci mutum ya daina jin ƙanshi ko ɗanɗanon abinci. Waɗanda ta fi kayarwa su ne tsofaffi, da masu ciwon suga, hawan jini, ciwon zuciya ko na huhu, da mata masu ciki. Saboda su muke wannan darasi. Saurayi zai yi mura ta kwana uku ya miƙe ya hau kabu-kabunsa, kakarsa da ya shiga ɗakinta ya gaishe ta kuwa ta kwanta ba ta tashi ba.

Wanda ya fara zazzaɓi ya je likita a auna shi, domin zazzaɓin cizon sauro ma haka yake farawa, kuma shi yana da maganinsa. Kada a sayi ƙwayoyi a tire a haɗiya da ka. Magunguna irin su amokisilin ba sa taɓa ƙwayar korona. Farasitamol yana sauke zazzaɓi, ruwa da kunu da hutu suna taimakon jiki.

Mai tari ya kwana shi kaɗai idan akwai ɗaki. Idan babu, a buɗe taga, a raba shimfiɗa, da rana ya zauna a rumfa ko gindin itace inda iska ke kaɗawa. Ya rufe baki da hanci da takunkumi, ko ƙyalle mai ninki wanda ake wankewa kullum. A ware masa moɗa da kwano. Mai jinya mutum ɗaya ya isa, kada ya zama tsoho. A wanke hannu da sabulu, ruwa na zuba daga buta, kada kowa ya tsoma a ƙwarya ɗaya. Wannan wankin hannu shi ne kuma ke tsare mu daga amai da gudawa, irin wanda ya addabi yankin Madarunfa a 2018. Mai shayarwa ta ci gaba da ba ɗanta nono, ta rufe baki da hanci kawai. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai alamun cutar ya keɓe kwana 10 daga ranar da ya fara jin su.

Idan numfashi ya yi wuya, ko ƙirji na ciwo, ko mutum ya rikice, ko an kasa tashe shi daga barci, ba a jiran gari ya waye. A nemi mota ko amalanke a kai shi.

Ɓoye ciwo don jin kunya ya cuci gidaje da yawa. Babu abin kunya a cuta. Wanda ya faɗa wa maƙwabta su dakata da zuwa dubiya ya kyauta musu. Ita kuwa allurar rigakafi, da aka fara yi a Nijar a ƙarshen Maris 2021, ba ta hana kamuwa ɗungurum, amma tana rage ciwo mai tsanani da mutuwa. Tsofaffi su tambayi likita ko lokacin ƙari ya yi.

Karatun mutum biyu

Ɗiya: Inna, ina kwana? Kin tashi lafiya?
Inna: Lafiya lau, ɗiyata. Me ya tsayar da ke bakin ƙofa? Shigo mana.
Ɗiya: Ki yi haƙuri, Inna. Maigidana ya dawo daga tafiya da tari, ba na son in kawo miki.
Inna: Ayya, Allah ya ba shi lafiya. Kun je likita?
Ɗiya: Mun je, an auna shi. Ga furarki nan na ajiye a kan turmi.
Inna: Allah ya yi miki albarka. Ki gaishe shi.

Aiki

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku, ku lura da haruffa masu ƙugiya: ƙwaya, ɗaki, zazzaɓi, ƴaƴa.

Mutum 54 ne cikin jirgi, 36 sun kamu. Nawa ne ba su kamu ba?

Wani ya fara tari ranar 4 ga wata. Ku ƙirga kwana 10. Ranar nawa ga wata zai fito?

Kowa ya rubuta sunayen tsofaffi da masu ciwon suga ko hawan jini na gidansa, ya rubuta sunan gidan likita mafi kusa da shi, da wanda zai kira idan ana neman mota da dare. A zo da takardar a zama mai zuwa.