Yadda Ake Cin Kalacin Walaha a Gidan Abincin Unguwa a Kaduna

Duk wanda ya yi sallar Asuba ranar Asabar ya koma ya rama barcin mako, ya farka rana ta ɗaga ciki na kiran ciroma, ya san irin abincin da nake nufi. Lokacin karin kumallo ya wuce, na abincin rana bai yi ba. Turawan Ingila sun raɗa masa suna brunch tun 1895, ni kuwa kalacin walaha nake ce masa. Matsalarsa ɗaya: gidan abincin da ya yi suna a unguwa, a Unguwar Rimi ne ko Malali ko Barnawa, kowa a wannan lokacin yake nufarsa. In ka je ba shiri, ka sha tsayuwa, ka ƙare da kankarar tukunya.

Fara da tsayar da lokaci, don rabin aikin ke nan. Ranar Asabar akwai ɗaurin aure, kuma da an shafa fatiha abokan ango sukan kwaso manyan rigunansu su nemi inda za su zauna. Wajen ƙarfe 12 yaran Islamiyya na tashi, iyaye su ɗauko su su biyo ta nan. Lahadi kuwa, musamman a tsallaken kogi wajen Barnawa da Narayi, da an taso daga coci kujera ta zama gwal. Saboda haka ka yi ƙoƙari ƙarfe 10 ta yi maka a zaune, in ka makara da rabi.

Akwai kuma dalilin da ya fi cunkoso ƙarfi, wato ƙullun waina. Shinkafar tuwo ake jiƙawa a niƙa, a sa yis, a rufe ya kwana ya tashi. Da hantsi yana daidai, ɗan tsaminsa mai daɗi. Rana na ƙara zafi yana ƙara tsami, sai mai suya ta koma kashe shi da ruwan kanwa ko sukari, wainar ta fito ja, ta sha mai. A zafin Maris da Afrilu abin ya fi sauri, da hunturu kuma ƙullun yakan yi haƙuri har zuwa rana. Wainar ƙarfe 10 da ta ƙarfe 1 sunansu ne kawai ɗaya.

Tun daren Juma'a ka ƙidaya mutanenka. Huɗu ko biyar sun isa. In kun haura haka sai an haɗa tebur biyu, kuma a irin wannan safiya ba mai ba ku. Sannan ku gama maganar kuɗi tun a waya. A al'adarmu wanda ya yi gayya shi ke biya, to in karo-karo kake nufi ka faɗa ƙarara tun kafin a fito. Na sha ganin abokai sun ci sun ƙoshi, an kawo lissafi kowa ya sunkuyar da kai kan wayarsa kamar an aiko masa da saƙon gaggawa.

Wurin ajiye mota ƙalilan ne a yawancin gidajen abincin unguwa. Ku haɗu a mota ɗaya ko ku hau Keke Napep. In da mota ka zo, gaida maigadi tukuna: "Baba, sannu da aiki, ina zan sa ta?" Shi ya san wanda ke shirin fita.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke kuskure. Suna zama sai su ɗauki takardar jerin abinci su yi ta karatu. Takardar nan an buga ta tun bara, ba ta san abin da ya ƙare yau ba. Kafin ka zauna ka leƙa wajen tanda, in a fili take, ka gaida mai wurin: "Hajiya, barka da hantsi, ya kasuwa? Me ke kan wuta yanzu?" In ta ce, "Alhaji, yanzu aka sauke farfesun kayan ciki, sinasir kuwa saura kaɗan," to ta gama yi maka zaɓi. Ka dubi mai suyar ma. Wainar da ake juyawa da tsinke ko cokali a gabanka, gefenta ya yi ƙamas-ƙamas cikinta fari sol da ƙananan huji, ita za ka ce a zuba maka. Wadda aka tara a kula tun safe ta yi gumi ta saki jiki, ka bar wa mai sauri.

Sai oda, kuma a yi ta gaba ɗaya, mutum ɗaya ya yi magana. Abin da ake soyawa sai an nema, irin dankalin Turawa da ƙwai ko doya da ƙwai, shi za ka fara faɗa, don shi ne mai jan lokaci. Kafin ya iso a kawo abin ɗumama ciki: kunun gyaɗa ko koko da ƙosai mai zafi, ko shayi ga wanda bai yarda safiya ta yi ba sai ya sha. Ƙosai kaɗan, don Allah. Yana da cika ciki, kuma abin da ya kawo ku yana gaba.

Waina da sinasir a zubo su a faranti ɗaya a tsakiya, miyar taushe a kwano daban. In aka kwara miyar a kai tun daga kicin, kafin ku kai rabi wainar ƙasa ta zama tuwo. Miyar taushe ta kirki za ka ji kabewa da gyaɗa a cikinta, yakuwa ta ɗan ɗaga ta, ba ruwan tumatir da mai ba. Farfesu kwano biyu ya ishi mutum huɗu, yaji kuma a sa shi gefe saboda yara da masu gyambon ciki. In gidan na yin gwaten acca irin na mutanen kudancin Kaduna, ku karɓi kwano ɗaya ku ɗanɗana, ba ya nauyi. Zoɓo da kunun aya a bari sai an gama. Kunun aya kuma ka tambaya ko na yau ne, don ba ya jure zafi.

Kada ka jira sai kun wanke hannu kafin ka nemi lissafi. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 kusan kowane gidan abinci ya koma karɓar taransifa ko kati, amma sabis ba ya da alƙawari. Wata Asabar na tura kuɗi a wani gidan abinci, an cire a asusuna, su kuma alat bai shigo musu ba. Haka na zauna kusa da mai karɓar kuɗi kamar ɗan jingina, iyalina na mota suna jira, har aka kira Azahar. Tun daga ranar nake turawa ana tsakiyar ci, kuma ba na rabuwa da 'yan tsabar kuɗi a aljihu. Daga cikinsu ake yi wa yaron da ya yi ta kai da kawowa ihsani, a hannunsa, a ba Baba maigadi nasa.

In za a ɗaure wa mutanen gida, ka faɗa tun lokacin odar farko a ware, don zuwa ƙarfe 12 sinasir ya ƙare. Miya a roba daban, kuma kada a ƙulle ledar wainar tana tururi, a bar bakinta a buɗe har ku isa gida. Da kun ga an fara tsayuwa a bakin ƙofa ana leƙen teburinku, ku tashi. Ragowar hirar a ƙarasa ta a wurin shaƙatawa na Gamji, a inuwa, kafin lokacin salla.