Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa sauri da sauƙi a yaren rubuta manhaja

Duk wanda ya zauna zai ƙirƙiro yaren rubuta manhaja, ko da ƙarami ne na furojet ɗin makaranta, kuskuren da ya fi damuna shi ne a ce "mu fara da sauƙi, sauri ma gyara daga baya". Wallahi gyaran nan ba ya zuwa da arha. Dubi Python, Guido van Rossum ya fitar da shi a 1991, daɗin rubutu ba a magana, amma yana da wani makulli da ake ce wa GIL da ke hana zare biyu, wato ayyuka biyu da ke tafiya tare a cikin manhaja ɗaya, su gudanar da kod ɗin Python lokaci guda, an sa shi ne don a sauƙaƙa aikin ciki, sai ga kwamfutoci masu furosesa da yawa sun cika gari, laburare kuma, wato tarin kod ɗin da wasu suka rubuta don kowa ya ɗauka ya yi amfani da shi, duk sun riga sun ginu a kansa, sai a 2024 cikin sigar 3.13 aka samu damar cire shi, ita ma ta gwaji. Maganin dai tun ranar farko ka yanke yadda za a raba memori tsakanin ayyukan da ke tafiya tare, kar ka bari sai jama'a sun saba.

Wasu kuma sauri ne kawai a gabansu, sai su jibge wa mai rubutu duk wahalar, kamar yaren C, kai za ka karɓi memori daga kwamfuta kai za ka mayar. Microsoft da kansu sun ce kusan kashi 70 cikin 100 na matsalolin tsaron da suke toshewa daga memori suke. Yaren Rust ya ɗora wannan gadin a kan kwamfaila, wato manhajar da ke juya kod ɗinka zuwa abin da kwamfuta ke ganewa, koyonsa da ɗan zafi gaskiya, amma gara ya kama ka kana rubutu da a kama ka bayan manhaja ta shiga hannun mutane.

Akwai kuma auna sauri da ɗan guntun lissafi a yi ta murna. Ai jiran kwamfaila ma lokaci ne, shi ya sa Google suka fito da yaren Go a 2009 da niyyar ya riƙa haɗa kod da wuri. Ka gwada da manhaja ta gaske mai fayiloli da yawa.

In kuma yarenka ba zai yi gudu ba, to bar masa ƙofar kiran C, da haka laburaren NumPy ke ɗauke wa Python nauyin lissafi.